Matar da ta rufe wa likitocin sarki ƙofa

A wani gidan ajiye zane-zane da ke Landan, wanda ake kira Wallace Collection, akwai wani hoto da aka zana tsakanin 1715 da 1720. Sarkin Faransa Louis na 14 yana zaune a kan kujera. Ɗansa ya dafa bayan kujerar, jikansa yana tsaye a gefe guda, ga kuma tattaɓa-kunnensa, ɗan mitsitsin yaro cikin doguwar riga irin wadda ake sa wa yara, maza da mata, a wancan zamani. Kowa a hoton jinin sarauta ne, har da mutum-mutumin kakanni biyu da aka jera a baya, in ban da mutum ɗaya. Wata dattijuwa ce cikin baƙaƙen tufafi, tana riƙe da igiyar ƙyalle da aka ɗinka a kafaɗar rigar yaron don kada ya faɗi yana koyon tafiya.

Waɗannan mutane ba su taɓa tsayawa haka gaban mai zanen ba. Lokacin da aka yi hoton, ɗan sarkin da jikan duk sun kwanta dama. Haɗa su aka yi don a nuna yadda gado ya gangaro, a kuma nuna hannun da ya riƙe wanda ya saura. Dattijuwar ita ce Charlotte de La Motte Houdancourt, wadda aka fi sani da Madame de Ventadour. Yaron kuma shi ne ya zama Louis na 15, ya yi kusan shekara 59 a kan karagar Faransa.

Labarin da aka fi saninta da shi gajere ne. A 1712 ta kulle ƙofa ta hana likitoci taɓa yaron, ya rayu, wansa da suka yi wa magani ya mutu. To amma a fadar Versailles, inda ko zama a kujera sai matsayin mutum ya ba shi izini, ƙarfin hali kaɗai ba ya isar mace ta tare likitocin sarki a bakin ƙofa. Sai an san irin sarautar da ke hannunta kafin a gane yadda ƙofar ta rufu.

Faransawa suna kiran 'ya'yan sarki da na yarima mai jiran gado "'ya'yan Faransa". Sunan ba ado ba ne. Yaron na ƙasa ne kafin ya zama na uwarsa, kuma tun daga sa'ar da aka yanke masa cibi ake miƙa shi ga wata babbar mace da ke riƙe da muƙamin uwar goyon 'ya'yan Faransa. Bahaushe ba zai yi mamakin wata ta haifa wata ta yi reno ba. Mun san riƙo, mun san alkunyar ɗan fari. Abin da Faransawa suka ƙara shi ne sun mayar da goyon sarauta mai albashi, mai rantsuwa, mai magaji.

Rantsuwar ce ginshiƙin komai. Uwar goyo a hannun sarki kai tsaye take yin ta, ba a hannun sarauniya ko wani waziri ba, kuma sarki kaɗai take ba wa bahasi. Ba ta da izinin rabuwa da yaron dare ko rana, a ɗakinsa take kwana, duk wanda zai gan shi, ko jakadan wata ƙasa ne, ta wurinta zai bi. A ƙarƙashinta akwai runduna guda: mataimakanta, mai shayarwa, mai naɗe jariri da canza masa zane, mai jijjiga shimfiɗa, kuyangin ɗaki, masu wanki. Har wasu masu shayarwa ake tsarewa a wani gida na dabam, su zauna cikin shiri, in nonon wadda ke aiki ya ƙafe ko aka yi zargin ya ɓaci a ɗauko wata. Ita kanta uwar goyon ba ta shayarwa, ba ta wanke kashi. Aikinta amsa tambaya ne: in wani abu ya sami yaron, ita za a kama.

Ladan ma ba kaɗan ba ne. Ban da albashi, duk sa'ad da aka sabunta kayan ɗakin yaro, ko ya girma ya bar hannunta, tsofaffin kayan nata ne, kuma kayan ɗakin ɗan sarkin Faransa dukiya ce. Tana da baki wajen zaɓen masu aiki a ƙarƙashinta, abin da ke ba ta damar cusa dangi da barori. Sama da duka, wanda ya girma a cinyarta wata rana shi ne sarki.

Charlotte ba daga sama ta faɗo cikin wannan aiki ba. An haife ta wajajen 1654. Mahaifinta, Philippe de La Motte Houdancourt, babban hafsan sojan Faransa ne, ya rasu a 1657 tana 'yar ƙanƙanuwa. Ya bar matarsa Louise de Prie da 'ya'ya mata uku. A 1664 Louis na 14 ya naɗa wannan gwauruwa uwar goyon ɗansa, kuma ita ma jika ce ga Madame de Lansac wadda ta yi renon shi sarkin kansa. Da wannan kujera Louise ta aurar da 'ya'yanta uku ga masu sarautar "duc", wadda ita ce mafi girma a ƙasa da jinin sarki.

Rabon Charlotte a cikin aurarrakin nan bai yi daɗi ba. A 1671 aka ba ta Louis Charles de Lévis, mai sarautar Ventadour, mutumin da duk masu rubuta labarin fada na lokacin suka haɗu a kan muninsa da lalacewar halinsa, alhali ita ana lissafa ta cikin kyawawan fada. Abin da auren ya saya mata shi ne 'yar kujerar nan marar majingina da matan "duc" kaɗai ke da ikon zama a kai gaban sarauniya, sauran mata suna tsaye. Wanda bai san fada ba zai ga abin dariya ne a ba da ɗiya saboda kujera. Mutanen Versailles sun sha ba da abin da ya fi haka. Ta haifi 'ya ɗaya, Anne Geneviève, a 1673, daga nan zaman ya zama kowa da inda ya nufa. A 1684 ta karɓi aikin shugabar matan da ke hidimar Élisabeth Charlotte, Bajamushiyar matar ƙanen sarki, aikin da ya ba ta abin hannu da kuma hujjar zama a fada nesa da mijin.

Kusan shekara 20 ta yi tare da wannan Bajamushiya, kuma ni a ganina wannan zama yana da hannu a abin da ya faru daga baya. Élisabeth Charlotte ta yi suna wajen ƙin likitocin Faransa. Wasiƙunta cike suke da tsine wa tsaga jijiyar mara lafiya don rage masa jini da ba shi maganin amai, ta fi yarda da yawo a iska da barin jiki ya warkar da kansa. Wanda ya kwana shekaru yana jin wannan karatu, da wuya wani abu bai zauna masa ba.

A 1704, da aka haifa wa sarki tattaɓa-kunne na farko, aka haɗa Charlotte da mahaifiyarta a aikin goyo, da sharaɗin ita za ta gaje ta. Wannan jariri bai cika shekara ba ya mutu a 1705. An haifi wani a 1707, aka ba shi sarautar Bretagne irin ta marigayin. Louise de Prie ta rasu a 1709, kujera ta zama ta Charlotte ita kaɗai. Ranar 15 ga Fabrairu 1710 aka miƙa mata jariri na uku, mai sarautar Anjou. Babu wanda ya damu da shi sosai, domin akwai mutum uku a gabansa a layin gado: kakansa, ubansa, wansa.

Cikin wata 11 duk ukun suka tafi.

A Afrilun 1711 agana ta kashe yarima mai jiran gado yana da shekara 49. A farkon Fabrairun 1712 surukarsa Marie Adélaïde, uwar yaran, ta kwanta da zazzaɓi da ƙuraje, cutar da yawancin masana tarihi suka ce ƙyanda ce. Ta rasu ran 12 ga wata tana da shekara 26. Mijinta, wanda ya daɗe a gefen gadonta, ya bi ta ran 18, aka kai gawa biyu maƙabartar sarakuna ta Saint-Denis a tare. Da shigowar Maris cutar ta kama yaran biyu, mai shekara 5 da mai shekara 2. Har lokacin ba a raɗa musu suna ba, domin al'adar gidan ita ce a yayyafa wa jariri ruwan tsarki ranar haihuwa, a jinkirta bikin suna na coci sai ya tasa, ana kiransa da sarautarsa kawai. Da sarki ya ga abin ya yi tsanani ya ce a yi maza a yi musu da duk wanda ke wurin. Dukansu aka sa musu Louis.

Likitancin zamanin ya ginu a kan cewa jiki yana da ruwaye huɗu, cuta kuma rinjayen ɗaya ne ko ɓacinsa. Zazzaɓi a wurinsu jini ne ya yi yawa ko ya gurɓace, maganinsa a rage shi. Kada mai karatu ya ɗauka irin ƙahon wanzami ne da ke tsotso ɗan jini ta fata. Jijiya ake tsagawa a hannu ko a ƙafa, jini ya zuba a kwano, a maimaita in zazzaɓin bai sauka ba, a bi da maganin amai da na wankin ciki. Haka babban likitan sarki, Guy-Crescent Fagon, da abokan aikinsa suka yi wa uwar. Haka suka yi wa babban yaron, ya mutu ran 8 ga Maris. Ba mugaye ba ne, abin da suka karanta suka aikata. Amma yaron da ƙyanda ta riga ta ƙona wa jiki, aka ƙara zuƙe masa jini da ruwa, ƙarasa shi aka yi.

Yayin da likitoci suka taru a kan babban, wanda shi ne magaji a lokacin, Madame de Ventadour da matan ɗakin suka shige da ƙaramin suka rufe. Da aka zo a tsaga masa jijiya suka ƙi. Sun lulluɓe shi da ɗumi, mai shayarwarsa Marie-Madeleine Mercier ta ci gaba da ba shi nono tunda ba a gama yaye shi ba, aka riƙa ba shi ɗan biskit da ɗigon giyar inabi. Kada a mayar da ita masaniyar kimiyya: ita ma ta yi zargin sammu, har ta aika aka karɓo mata wani maganin guba da wata mata ta zo da shi daga Turin ta ɗura wa yaron. Abin da ta yi daidai shi ne abin da ta hana a yi.

Kasadar da ta ɗauka ba ƙarama ba ce. Paris ta cika da raɗe-raɗin cewa guba ake sa wa magada, ana nuna ɗan ƙanen sarki, Philippe na Orléans, wanda aka san yana da ɗakin harhaɗa sinadarai, kuma shi mutuwar ke matso da shi kusa da karaga. Tarihi bai tabbatar da zargin ba, amma mutane ba su manta da babbar shari'ar masu guba ta shekarun 1677 zuwa 1682 ba, wadda aka ƙona wata boka a cikinta. Da yaron ya mutu a bayan rufaffiyar ƙofa, bayan an hana likitocin sarki shiga, ba sai an faɗi wanda za a tuhuma ba. Abin da ya ba ta tsayawa shi ne rantsuwar nan. Jikin yaron amanarta ne daga hannun sarki, likita ba ya gaba da ita a kansa. Ga ta matar "duc", ga shekaru kusan 58, ga gidansu ya riƙe ɗakin nan tun 1664, kuma tana ɗasawa da Madame de Maintenon, matar da sarki ya aura a asirce, wadda ita ma da renon 'ya'yansa na waje ta fara. Wata baƙuwa a kujerar, ko da ta fi ta son yaron, da ta buɗe.

Abin da ya rataya a numfashin yaron ya wuce gidan sarauta. Ana tsakiyar yaƙin gadon sarautar Sifaniya, wanda aka fara a 1701 saboda ƙasashen Turai sun ƙi yarda gida ɗaya ya haɗa Faransa da Sifaniya. Sarkin Sifaniya Philippe na 5 ƙanen uban yaron ne. A yarjejeniyar Utrecht ta 1713 an sa shi ya yafe haƙƙinsa na gadon Faransa, amma mutane da yawa a Faransa suna ganin gadon jini ba ya yafuwa da takarda. Da ɗayan baffan, mai sarautar Berry, ya mutu a 1714, sai ya zama yaro ɗaya ne ya raba Turai da sabuwar rigima tsakanin Sifaniya da gidan Orléans.

Shi ya sa renon da ta yi masa daga nan ya zama na tsoro. Lafiya ta fara sawa a gaba, karatu ya biyo baya, ba a matsa masa, ba a son ya yi kuka. An zarge ta da shagwaɓa shi, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda aka ba ƙwai ɗaya tak ya riƙe wa ƙasa, ba shi za a tambaya don me bai yi wasa da shi ba. Yaron da bai san uwa ba ya riƙa kiranta "Maman Ventadour", wani lokaci "maman" kawai.

Ita ta kai shi bakin gadon Louis na 14 ran 26 ga Agusta 1715, inda tsohon ya gargaɗe shi kada ya yi koyi da shi wajen son yaƙi da kashe kuɗi, ya kuma yi mata godiya. Sarkin ya rasu ran 1 ga Satumba bayan shekara 72 yana mulki. Ran 12 ga wata aka kai sabon sarki mai shekara 5 zauren babbar kotun Paris don tabbatar da Philippe na Orléans a matsayin mai riƙon ƙwarya, tana kusa da shi a zauren da ba a saba ganin mace ba. Ta bi shi Vincennes, ta bi shi fadar Tuileries.

Sai dai sarautar goyo tana da wa'adi. Ɗa namiji in ya cika shekara 7 sai a yi abin da suke kira "wucewa hannun maza". A Fabrairun 1717 aka tuɓe sarki tsirara gaban likitoci da manyan fada, aka duba shi gaɓa-gaɓa, aka rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan takarda ita ce shaidar ta mayar da amana yadda aka ba ta. Ta miƙa shi ga mai riƙon ƙwarya, shi kuma ya miƙa shi ga François de Villeroy, tsohon hafsa mai shekara 72, abokin ƙuruciyar marigayi sarki, wanda aka fi tunawa da shan kashi a yaƙin Ramillies a 1706, kuma wanda tsegumin fada ya daɗe yana haɗa sunansa da nata. Yaron ya yi ta kuka, ya ƙi cin abinci, sai da aka kirawo ta ta lallashe shi. An sallame ta da kyautar duwatsu masu daraja.

A nan tsarin yake nuna rashin tausayinsa. An ɗauki maraya an manna shi da mace ɗaya dare da rana har shekara 7, sa'an nan rana ɗaya aka ɓamɓare shi aka ba tsohon da ya fi damuwa da koya masa taku da gaisuwar fada, wanda ke nuna masa taron jama'a ta taga yana gaya masa duk nasa ne. Louis na 15 ya tashi mai kunya, mai zurfin ciki, mai gudun baƙuwar fuska, mai manne wa 'yan tsirarun da ya saba da su. Ba zan ɗora duk halinsa a kan rana ɗaya ba, amma mutuwar 1712 da rabuwar 1717 ba su wuce ba tare da tabo ba. Ita dai bai daina girmama ta ba har ta mutu.

Ba ta huta ba. A siyasar sulhu da Sifaniya aka yi wa sarki baiko da Mariana Victoria, 'yar Philippe na 5, mai shekara 3. A Janairun 1722, a wani ɗan tsibiri a kogin Bidasoa da ke kan iyaka, aka yi musayar yara: Faransa ta ba da 'yar mai riƙon ƙwarya, ta karɓi wannan. Madame de Ventadour, tana dab da 70, ita aka ba renon matar da za ta auri ɗan goyonta, ta kuma shaƙu da yarinyar ƙwarai. Mai riƙon ƙwarya ya mutu a ƙarshen 1723. Sabon waziri, mai sarautar Bourbon, ya lissafa ya ga sai an jira shekaru kafin yarinyar ta isa haihuwa, kuma in sarki ya mutu ba ɗa gidan Orléans da yake gaba da su ne za su hau. Wata rashin lafiya da sarki ya yi a farkon 1725 ta yanke shawarar. A Afrilu aka mayar da yarinyar gida tana da shekara 7, kamar kayan da aka fasa saye. Daga baya ta zama sarauniyar Fotugal. A wannan karon babu ƙofar da uwar goyo za ta rufe, domin ikonta a kan jikin yaro yake, bai kai ga makomarsa ba.

A Satumbar 1725 sarki ya auri Marie Leszczyńska, 'yar hamɓararren sarkin Poland, wadda ta haifi 'ya'ya 10 tsakanin 1727 da 1737. Tagwayen farko mata da yarima mai jiran gado da aka haifa a 1729 duk a hannun tsohuwar suka sauka. A 1735, ta haura 80, ta sauka ta bar wa jikarta, Marie Isabelle de Rohan, matar mai sarautar Tallard. Ta rasu a Disambar 1744 a Glatigny, kusa da Versailles, tana da kimanin shekara 90.

Kujerar ba ta bar jininta ba. 'Yarta tilo ta yi aure na biyu a gidan Rohan, muƙamin ya bi ta can. Bayan Tallard, a 1754, sai tattaɓa-kunnen Madame de Ventadour, wato Madame de Marsan, wadda ta yi renon Louis na 16 da ƙannensa. A 1776 ita ma ta bar wa 'yar ɗan'uwanta, Madame de Guéméné. Daga 1664 zuwa 1782, shekara 118, mata 'yan tsatso ɗaya ne ke karɓar duk jaririn da aka haifa wa karagar Faransa, a ƙasar da dokarta ta hana mace gadon sarauta. Abin da ya yanke igiyar bashi ne: mijin Guéméné ya karye da bashin kuɗin Faransa na lokacin, livre, miliyan 33, matar ta sauka don kunya. Sarauniya Marie Antoinette, matar Louis na 16, ta ba da muƙamin ga ƙawarta Madame de Polignac, wadda ta tsere daga ƙasar a Yulin 1789 da juyin juya hali ya ɓarke.

Ta ƙarshe kafin a rushe sarautar ita ce Madame de Tourzel. A daren 20 ga Yuni 1791, da Louis na 16 da iyalinsa suka sulale daga Paris, tana cikin keken dokin, domin rantsuwarta ta hana ta rabuwa da yarima. Takardar tafiyar da suka riƙe ta wata attajira ce daga Rasha, Madame de Korff, mai tafiya da 'ya'yanta da barorinta. Tourzel ce ta fito a matsayin attajirar. An sa wa yarima kayan mata, sarki ya zama bara, sarauniya kuma ta shiga a matsayin mai renon yaran. Washegari da dare aka tare su a garin Varennes.